A Koyar da Aikatau “Saber” na Sifaniyanci Kai Tsaye daga Hausa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ara mini fili domin in yi bayani a kan aikatau guda ɗaya na harshen Sifaniyanci, wato “saber”, wanda ƙaramin ƙamus zai ce maka ma'anarsa “sani”, ya tsaya daga nan. Na zaɓi wannan kalma ce saboda tana cikin waɗanda bakin mai magana da Sifaniyanci ba ya rabuwa da su daga safe zuwa dare, kuma saboda na lura cewa matasanmu masu koyon harshen ta wayar hannu suna shan wahala a kanta fiye da kima, alhali kuwa harshen da suka tashi da shi ya riga ya ba su rabin amsar tun kafin su buɗe darasin farko.

Wani mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan jaridar Hausa da aikatau na Sifaniyanci? Sifaniyanci dai harshen hukuma ne a ƙasashe 20, ɗaya daga cikinsu kuma, wato Ikwatoriyal Gini, tana nan a nahiyarmu. Kusan mutum miliyan 500 ne suka tashi da shi a matsayin harshen uwa, yana cikin harsuna 6 na Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma Tarayyar Afirka tana aiki da shi. A Kwaddibuwa da Benin da Senegal da Kamaru da Gabon an daɗe ana koyar da shi a makarantun sakandare, Cibiyar Cervantes kuwa, wadda Sifaniya ta kafa a 1991 domin yaɗa harshen, tana da reshe a Dakar. Ga masu neman gurbin karatu, ga 'yan kasuwa, ga kuma ɗimbin masu bibiyar wasan ƙwallon Sifaniya da suke son su ji abin da koci yake faɗa da bakinsa ba sai an fassara musu ba. Waɗannan duka masu karanta Hausa ne, kuma da yawa daga cikinsu suna koyon harshen ne ba tare da malami ba.

Matsalar da nake son in nuna ita ce, akasarin littattafai da manhajojin da suke hannunsu an rubuta su ne domin mai jin Turanci. Turanci kuwa yana da aikatau ɗaya tal da yake ɗaukar sanin labari da sanin mutum da sanin yadda ake yin aiki, saboda haka darasin yakan ɓata lokaci mai tsawo yana warware wa Bature kullin da Bahaushe ba shi da shi, sa'an nan ya wuce da sauri a wuraren da Bahaushe ne zai yi tuntuɓe. Mai koyo yakan ɗauki tunaninsa na Hausa ya mayar da shi Turanci, a can bambance-bambancen da Hausa take yi su narke, daga nan kuma ya yi ta fama ya sake gina su a Sifaniyanci. A ganina wannan zagaye ne marar amfani, kuma zan kawo dalilaina ɗaya bayan ɗaya.

Sai mu fara da surar kalmar kanta. A lokaci mai ci ana cewa “sé” ga mai magana, “sabes” ga wanda ake yi wa magana, “sabe” ga shi ko ita ko kuma wanda ake girmamawa da “usted”, “sabemos” ga mu, “sabéis” ga ku a Sifaniya, da “saben” ga su, wanda shi ne kuma ake yi wa “ku” da shi a ƙasashen Latin Amurka. A Ajantina da Yurugwai za ka ji “vos sabés” maimakon “sabes”, da nauyin murya a gaɓar ƙarshe. Duk jerin yana bin ƙa'ida in ban da na farko, domin da ƙa'ida za a bi, da “sabo” za a ce. Yaran Sifaniyawa ma da kansu sukan ce “yo sabo” kafin iyaye su gyara musu, har a Amurka an mayar da “no sabo” laƙabin tsokana ga 'ya'yan baƙi daga Latin Amurka waɗanda harshen iyayensu bai zauna a bakinsu ba. Alamar da take kan wasalin “sé” kuma ba ado ba ce, ita ce take raba shi da “se” marar alama, wanda wakilin suna ne. Ko da alamar ma akwai wani “sé” na daban, wanda umarni ne daga aikatau “ser”, kamar a “sé bueno”, wato “ka zama na kirki”, kuma muhallin magana ne kaɗai yake raba su.

Wannan karkacewa tana da tarihi. Kalmar ta fito ne daga “sapere” na harshen Latin, wanda asalin ma'anarsa shi ne abu ya kasance yana da ɗanɗano, daga baya ya ɗauki ma'anar hankali da basira. Daga wannan saiwa ce aka samu “sabor”, ɗanɗano, da “sabio”, mai hikima, da kuma “sapiens” da yake cikin sunan da masanin halittu Linnaeus ya ba ɗan Adam a 1758. Siffar “sé” ta samu ne ta kwaikwayon “he” na aikatau “haber”, siffar “supe” ta shuɗaɗɗen lokaci kuwa a tsohon Sifaniyanci “sope” ce. Kalmar nan “sabi” da ake ji a Turancin buroka ita ma 'yar gidan ce, domin masana harshe suna danganta ta da “saber” na harshen Fotugal, wanda fataken teku suka kawo gaɓar Afirka ta Yamma tun ƙarni na 15.

Yanzu ga wurin da Hausa take gaba da Turanci. Idan aka sa wani aikatau a bayan “saber”, ma'anar takan koma ƙwarewar da mutum ya koya, kuma Hausa tana da kalma tsayayya domin wannan, wato “iya”. “Sé nadar” shi ne “na iya iyo”, “sabe leer” shi ne “ya iya karatu”, “no sabemos conducir” kuma “ba mu iya tuƙi ba”. Haka ma harshe, “sé español” daidai yake da “na iya Sifaniyanci”. Mai koyo ta hanyar Turanci yakan cusa kalmar “cómo”, wato “yadda”, a tsakani, domin haka ginin Turanci yake, sai ya ce “sé cómo nadar”, abin da ba a bukata idan ƙwarewa kawai ake nufi. Bahaushe da ya taso daga “na iya iyo” ba zai taɓa jin sha'awar ƙara komai ba, domin jimlarsa da ta Sifaniyanci abu biyu ne a jere, aikatau da abin da aka iya.

Sai dai “iya” ɗin namu yana da fuska biyu, kuma a nan ne ya kamata malami ya tsaya ya ja hankalin ɗalibi. Mukan ce “na iya tuƙi”, mukan kuma ce “ba zan iya tuƙi yau ba, idona yana ciwo”. Na farko ƙwarewa ce, na biyu kuwa hali ne ko dama ko izini, kuma Sifaniyanci yana ba na biyun aikatau na daban, wato “poder”. Saboda haka jimla guda za ta iya ɗaukar su duka biyu ba tare da saɓani ba: “sé conducir, pero hoy no puedo”, wato “na iya tuƙi, amma yau ba hali”. Wanda ya kula zai ga cewa Hausa ma ta raba su a gininta. Ƙwarewa takan zo da “na iya”, hali da dama kuma sukan zo da “zan iya” ko “ina iya”. Idan aka nuna wa ɗalibi wannan sau ɗaya, da wuya ya sake haɗa “saber” da “poder”, domin kunnensa ya daɗe da sanin bambancin, sunansa ne kawai ba a taɓa gaya masa ba.

Inda Bahaushe yake da aiki a gabansa shi ne raba “saber” da ɗan'uwansa “conocer”, domin a nan “sani” namu ya haɗe su wuri ɗaya. Mukan ce “na san labarin”, “na san mahaifinka”, “na san garin”, duk da kalma ɗaya. Sifaniyanci kuwa yana ba “saber” abin da aka riƙe a ka, irin su labari da lamba da amsa da kwanan wata, ya ba “conocer” abin da mutum ya yi cuɗanya da shi, irin su mutum da gari da littafi da waƙa. “Conocer” ya fito ne daga “cognoscere” na Latin, kuma shi ma siffarsa ta mai magana ta kauce, “conozco” ake cewa. Masu karatunmu na Nijar da sauran waɗanda suka yi makaranta da Faransanci sun riga sun san wannan rabo a “savoir” da “connaître”, waɗanda daga saiwoyin Latin guda biyun nan suka fito. Wanda ya yi karatun Larabci kuma zai tuna da tazarar da take tsakanin ilimi da ma'arifa, duk da cewa kamancin bai kai a ɗora ɗaya a kan ɗaya ba.

Akwai gwaji mai sauƙi da ake iya yi da Hausa. Idan bayan “na san” kalmar da ta biyo ita ce “cewa” ko “ko” ko “inda” ko “yadda” ko “dalilin da” ko “lokacin da”, to “saber” ne. “Na san cewa ya tafi” shi ne “sé que se fue”, “ban san ko za ta zo ba” shi ne “no sé si vendrá”, “ka san inda tashar take?” kuma “¿sabes dónde está la estación?”. Idan kuwa sunan mutum ne ya biyo, to “conocer” ne, tare da ƙaramin harafi “a” da Sifaniyanci yake sawa a gaban mutum idan shi aikin ya faɗa wa: “conozco a tu padre”, na san mahaifinka. Gari ba ya ɗaukar wannan harafi, “conozco Madrid” ake cewa, kuma duk wanda ya faɗi haka yana nufin ya taka ƙafarsa a birnin. Wanda labari kawai ya ji zai ce “sé mucho de Madrid”, wato ya san abubuwa da yawa game da shi. Karin maganar nan da take cewa gani ya kori ji, Sifaniyanci ya shigar da ita cikin nahawunsa ne.

Jimlar da ta fi cancanta a dakata a kanta ita ce “na san wanda ya ci ƙwallon”. A Hausa tana iya nufin abu biyu mabambanta, kuma ba mu cika lura ba saboda hira takan fayyace. Tana iya nufin cewa idan aka tambaye ni sunansa zan faɗa, tana kuma iya nufin cewa ni da shi mun san juna, mun taɓa zama wuri ɗaya. Sifaniyanci ba ya barin mai magana ya fake a tsakani. Ma'ana ta farko ita ce “sé quién marcó el gol”, ta biyu kuma “conozco al que marcó el gol”. Miliyoyin mutane za su iya faɗin ta farko game da shahararren ɗan wasa, 'yan kaɗan ne za su iya faɗin ta biyu da gaskiya. Akwai ma matakai a cikin “conocer” da Hausa take da sunayensu tsaf: “lo conozco de vista” shi ne abin da muke kira sanin shanu, “lo conozco muy bien” kuma shi ne farin sani.

Ba a ko'ina iyakar take da kaifi ba, kuma bai kamata a ruɗi ɗalibi da cewa kullum ɗaya ne daidai ɗaya kuskure. Game da hanya, ana cewa “sé el camino” ana kuma cewa “conozco el camino”, na farko yana nuna mutum ya riƙe inda ake bi, na biyu yana nuna ya saba bin ta. Game da waƙa, “conozco la canción” yana nufin na taɓa jin ta, “me sé la canción” kuwa yana nufin na haddace ta daga farko har ƙarshe. Wannan ƙaramin “me” da aka ƙara shi ne yake kawo ma'anar hadda, haka ma “de memoria”, wato da ka. Ɗalibin da ya ce wa malaminsa “me sé la lección” ya yi alkawarin zai iya kawo darasin ba tare da duba littafi ba.

Kuskure ɗaya ne a wannan fanni yake sa Basifaniye dariya. Tun da “saber” bai rabu da tsohuwar ma'anarsa ta ɗanɗano ba, idan harafi “a” ya biyo shi, maganar ta koma ta harshe da baki: “sabe a limón” yana nufin yana da ɗanɗanon lemun tsami, “sabe bien” yana da daɗi, “no sabe a nada” kuma lami ne. To, ɗalibin da ya tuna da sa “a” a gaban mutum amma ya manta da canza aikatau, ya ce “sé a tu hermano”, abin da ya faɗa a zahiri shi ne ɗanɗanona irin na ɗan'uwanka ne. Daga wannan ma'ana ce kuma aka samu “me sabe mal”, wanda ake yawan ji a Sifaniya idan mutum yana nuna bai ji daɗin wani abu ba ko yana jin nauyin wani, da “me supo a poco”, wato abin ya yi daɗi amma bai ishe ni ba.

Tarko mafi zurfi ga Bahaushe, wanda littafin da aka rubuta domin Bature ba zai taɓa ambata ba, yana wajen lokaci ne. Idan muka ce “na sani”, siffar da muka yi amfani da ita iri ɗaya ce da ta “na tafi” da “na ci”, wato ta aikin da ya kammala, amma ma'anarta ta yanzu ce. Ba ma cewa “ina sani” sai a wasu wurare na daban, kamar “ina sane”. Ɗalibin da ya koyi cewa “na tafi” shi ne “fui”, “na ci” kuma “comí”, zai iya ɗauka cewa “na sani” shi ne “supe”, wanda yake jeri ɗaya da su. Ba haka ba ne. “Na sani” shi ne “sé” ko “lo sé”. “Supe”, da sauran jerinsa “supiste”, “supo”, “supimos”, “supisteis”, “supieron”, yana nuna daidai lokacin da sanin ya shigo ne, abin da mu muke cewa “na samu labari” ko “na ji” ko “na gano”. “Ayer supe que se casó” yana nufin “jiya na samu labarin ya yi aure”. Sanin da mutum yake ɗauke da shi a can baya kuwa “sabía” ne, kamar a “ya lo sabía”, wato “da ma na sani”, da “no sabía nada”, wato “a lokacin ban san komai ba”.

Haka abin yake ga “conocer”. “La conocía” yana nufin da ma na san ta, “la conocí en 2019” kuma yana nufin a 2019 muka fara haɗuwa. Abin lura shi ne, a dukkan waɗannan wurare Hausa tana da kalma ta daban da take kama ma'anar daidai, “samun labari” da “ganowa” da “haɗuwa”, saboda haka ba a bukatar dogon bayani a kan falsafar lokuta. A ba ɗalibi “supe” tare da “na samu labari”, a ba shi “sabía” tare da “da ma na sani”, magana ta ƙare. Akwai ragowar ma'ana guda biyu da suka cancanci a ƙara masa daga baya: “no supe qué decir” shi ne “na rasa abin cewa”, “supo esperar” kuma yabo ne ga wanda ya iya haƙurin jira a lokacin da jiran ya kamata.

A nan zan ɗan ratse in yi maganar furuci, domin siffofin “supe” da “sepa” suna ɗauke da baƙin “p”, wanda Hausa ba ta raba shi da “f”. Da yawa daga cikinmu za su ce “sufe” da “sefa” ba tare da sun ji wani bambanci ba, Sifaniyanci kuwa yana raba baƙaƙen biyu sarai. Dole ne leɓɓa su haɗu su rufe gaba ɗaya kafin iska ta fita. Baƙin “b” da yake tsakiyar “saber” kuma akasin haka yake, domin tsakanin wasula biyu leɓɓa kusantar juna kawai suke yi ba su rufe ba. Nauyin murya a “saber” yana gaɓar ƙarshe, a “sabe” da “supe” yana gaɓar farko, a “sabía” kuma yana kan wasalin “i” mai alama. Bahaushe da ya saba da karin sautin harshensa yana da kunnen da zai kama wannan da wuri idan an nuna masa.

Lokaci mai zuwa ba shi da wahala, wasali ɗaya ne yake faɗuwa, a ce “sabré” maimakon “saberé”, kamar yadda ake cewa “podré” da “habré”. Abin da ɗalibai suka fi tsoro shi ne siffar “sepa”, “sepas”, “sepamos”, “sepan”, wadda littattafai suke ajiyewa sai can gaba suna kuma gabatar da ita kamar wani dutse da ba a hawa. Ga mai jin Turanci haka take, domin harshensa ya kusa rasa irinta. Mu kuwa muna amfani da ita kullum. Dubi bambancin “ka sani” a cikin “ai ka sani” da “ka sani” a cikin “ina so ka sani”, inda na biyun yake da gajeren wasali da karin sauti na ƙasa, ko kuma bambancin “sun sani” da “domin su sani”, wanda ya fito fili ko a rubuce. Wannan siffa ta buri da umarni da manufa ita ce “sepa”. “Quiero que sepas” shi ne “ina so ka sani”, “para que sepan” shi ne “domin su sani”, “que nadie lo sepa” kuma “kada kowa ya sani”.

Gaskiya ta wajabta in ce kamancin yana da iyaka. Idan mai so shi ne mai sanin, Hausa tana riƙe da siffar ta ce “ina so in sani”, Sifaniyanci kuwa ya koma ga tushen aikatau ya ce “quiero saber”. Idan kuma ana maganar abin da bai faru ba tukuna bayan “cuando”, wato “lokacin da”, Sifaniyanci yana cewa “cuando lo sepa, te aviso”, mu kuma mu ce “idan na samu labari zan sanar da kai”, da siffar kammalallen aiki. Amma koyar da ƙa'idar da ɗalibi ya riga ya mallaka tare da togaciya biyu ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan koyar da ita daga tushe ta bakin harshen da ba shi da ita.

Maganganun yau da kullum da aka gina a kan wannan aikatau su ma da yawansu suna da takwarori a bakinmu. “Que yo sepa” shi ne “a iya sanina”, “¿quién sabe?” shi ne “wa ya sani?”, “sabe Dios” shi ne “Allah masani”, “hacer saber” kuma “sanarwa”. Idan an daɗe ba a ji ɗuriyar mutum ba akan ce “no sé nada de él”. Wanda yake nuna ya fi kowa sani ana kiransa “sabelotodo”, kalmar da aka ƙera daga jimla sukutum mai nufin “ya san shi duka”. Wani abu da ɗalibi yakan manta shi ne ƙaramin “lo”: idan aka gaya maka abin da ka riga ka sani, amsar ita ce “lo sé” ko “ya lo sé”, ba a cewa “sé” shi kaɗai, duk da cewa a korewa “no sé” da “no lo sé” duka suna tafiya. A wasu sassan Latin Amurka kuma, musamman yankin tsaunukan Andes kamar Ikwado da Bolibiya, “saber” yakan ɗauki ma'anar al'ada, a ce “sabe venir los domingos” ana nufin yakan zo ranar Lahadi. Kunnen Bahaushe zai ji kamar “ya saba zuwa”, ma'anar ma ta zo ɗaya, amma dacewa ce kawai, domin babu dangantakar asali tsakanin “saba” na Hausa da “saber”. A Sifaniya “suele venir” za a ce, kuma shi ya kamata ɗalibi ya riƙe idan jarrabawa zai zauna.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne jaridar nan ta ware ɗan fili a kai a kai domin darussan harsunan waje da aka rubuta da Hausa tun daga tushe, ba waɗanda aka fassaro daga littafin Turanci ba, domin fassarar za ta kwaso matsalolin Bature ta bar namu. Kowane darasi ya fara da jimlar Hausa da mai karatu yake faɗa kullum, ya nuna takwararta, sa'an nan ya faɗi inda suka rabu ba tare da ɓoyewa ba. Malaman sassan harsuna na jami'o'i da ɗaliban da suka yi karatu a ƙasashen da ake magana da Sifaniyanci za su iya ɗaukar nauyin rubutawa, kuma ƙamus da nahawun Hukumar Harshen Sifaniyanci, wadda aka kafa a Madrid a 1713, suna nan a intanet domin tantance kowane misali kafin a buga. Idan aka gama da “saber” da “conocer”, ina ba da shawarar a shiga “ser” da “estar”, domin a nan ma Turanci kalma ɗaya yake da ita, mu kuwa muna raba “malami ne” da “yana gida”.

Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kai a kai.